Koshiyar Bahaguwa

Ranar da wa'adin wata uku ya cika, Jawahir ta kasa zama wuri ɗaya. Ta share tsakar gida sau biyu, ta wanke tukwanen da ba su yi laifin komai ba, ta ɗora miyar kuka tun kafin a kira la'asar. Ya Falmata, yayar mahaifinta wadda ta raine ta tun rasuwar uwarta, tana kan tabarma tana jan carbi tana bin ta da harara.

"Ki yi ta rawar ƙafa," in ji ta. "A kan mai sassaƙa muciya. Tun daga Borno har muka zauna a Fagge ban taɓa jin wadda ta auri massassaƙi a zuriyarmu ba, balle kuma Bayarabe."

Jawahir ta ci gaba da aikinta. Shekara guda ke nan tana shan wannan karatun, har ta haddace shi. Ƙarshensa kullum ɗaya ne: ga Bahauddeen, ɗan Ya Falmata na cikinta, da shagunansa biyu na atamfa a Kantin Kwari, a yi tuwona maina, amma yarinya ta rufe ido ta ce ita sai Sodiq na Sabon Gari.

Mahaifinta Baba Goni kuwa ba mutum ne mai gaggawa ba. Da aka kai masa maganar bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi, "Bayarabe ne, na ji. Musulmi ne, na gani a masallaci. Abin da ban sani ba shi ne halinsa." Sai ya yanka musu wata uku: babu zance, babu waya, babu haɗuwa a ko'ina, shi kuma zai yi bincikensa. Ranar da wa'adin ya cika, yaron ya zo da abin da hannunsa ke yi a gani, in sana'ar ta ci sunanta.

Yau ce ranar. Ana idar da sallar la'asar aka ji tsayuwar adaidaita sahu a ƙofar gida, sai sallama a zaure. Jawahir ta gane muryar tun daga harafin farko, ta riƙe bakin ƙofar kicin.

Can sai ga Baba Goni ya shigo da kansa, rungume da wani ƙunshi a cikin sabuwar leda. Ya ajiye a gaban yayarsa.

"Ya Falmata, kayan mata ne, ku kuka san aibinsu. Duba mana."

Ai kamar jira take. Ta gyara zama, ta fara zaro su ɗaya bayan ɗaya: muciya babba ta tuwon taro, ƙaramar muciya, maburgi mai 'yan yatsu huɗu, akushi da murfinsa, cokula shida, da koshiya guda ta kwasar miya. Ƙamshin sabon itace da man gyaɗa ya cika tsakar gidan.

Ta ɗauki muciyar ta ƙwanƙwasa a daɓe ta kasa kunne, ko za ta ji ƙarar tsaga. Babu. Ta kai bakin muciyar ta lasa, don in da darbejiya ko maɗaci aka yi ta, ɗacin ba ya ɓuya, kuma a tuwo zai ƙare. Babu ɗaci. Ta ciro mayafinta mai shara-shara ta goga a jikin cokulan ta baya da ta gaba, ko zare ɗaya bai kama ba. Ta kifa murfin akushin ya zauna daram, ta juya shi ya sake zama.

Duk wanda ya san Ya Falmata ya san babu abin da ke ɓata mata rai kamar ta nemi aibi ta rasa.

"Kyan gani daban, aiki daban," ta ce. "Ke, sauko mini da miyar nan."

Jawahir ta kawo tukunyar. Ya Falmata ta ɗauraye koshiyar, ta tsoma, ta ɗebo, ta karkata hannu za ta zuba a kwano. Maimakon miyar ta bi ta ɗan bakin da aka fitar mata, sai ta kwararo ta ɗaya gefen, ta bi gindin koshiyar ta ɗiga a zaninta.

"Yauwa," ta ce, fuskarta ta washe a karon farko tun safe. "Goni, zo ka ga aikin surukinka. Ya sa bakin a gefen da ba shi ba. Koshiyar da ba ta iya zuba miya ba, a rataye ta a bango a yi ado?"

Baba Goni ya karɓa ya jujjuya. Ya shafa mariƙin, ya ga wani ɗan kwarmi da aka rarake don babban yatsa. Ya ɗora nasa yatsan bai zauna ba. Sai ya mayar da koshiyar hannunsa na hagu. Yatsan ya faɗa cikin kwarmin kamar an auna. Ya ɗebo miya ya karkata, ta bi ta bakin ta sauka a kwano, ko ɗigo bai ɓata ba.



"Ba kuskure ba ne," in ji Baba Goni a hankali. "Ta bahago ce."

Su biyun suka juyo suka dubi Jawahir.

A nan ya kamata a san wani abu. Jawahir bahaguwa aka haife ta, kuma Ya Falmata ce ta yi yaƙi da hannun nan tun tana 'yar shekara huɗu. Ta ɗaure shi da ɗankwali, ta buge shi da mafici, har sai da yarinya ta koyi ci da dama, rubutu da dama, miƙa abu da dama. A makarantar firamaren da take koyarwa babu wanda ya sani, ƙawayenta ma ba su sani ba. Wuri ɗaya kawai hannun ya ƙi jin magana, wato gaban tukunya. In ta shagala da girki, ta tabbata babu idon Ya Falmata a kanta, sai ta tsinci cokali a hagunta ba ta san lokacin da ya koma ba.

Mutum ba zai san wannan ba sai ya tsaya ya kalle ta tana girki.

Ya Falmata ta ajiye carbinta. "A gidan nan dai bai taɓa wuce zaure ba. To a kicin ɗin uban wa ya gan ki kina kwasar miya?"

Jawahir ta dubi hannun mahaifinta. Idonta na kan koshiyar, amma abin da take gani daban ne.

Wata guda ke nan da ya wuce, ranar wata Laraba. Peace, abokiyar aikinta da ke maƙwabtaka da su Sodiq, ta ce mata Mama Wasilat, mahaifiyar Sodiq, ta zame a banɗaki ta karye a hannu, kwana biyar ke nan daga ita sai ɗanta, kuma girkin Sodiq ko akuya sai ta yi tunani kafin ta ci. Da aka tashi daga makaranta, maimakon ta sauka a Fagge, sai ta zarce ta shataletalen Bata ta shiga Sabon Gari. Ta ce a ranta gaisuwa kawai za ta yi ta fito, kuma Peace ta tabbatar mata ranar Laraba yana tafiya sayen itace.

Ta tarar da tsohuwar a kwance, hannu a ɗaure, ga tukunyar shinkafa da ta ƙone a gefe. Mama Wasilat ta fashe da kuka da ganinta, tana cewa, "'Yata, ke ce? Babanki ya sani?" Jawahir ta ce a bar maganar, ta tuɓe hijabi ta shiga kicin.

Tagar kicin ɗin tana kallon bayan gida, inda Sodiq ya kafa rumfar kwano ya mayar da ita wurin aikinsa. Ga benci, ga zarto da gizago a rataye, ga gumagumai a jere a inuwa kowanne da kwanan watan da aka sare shi rubuce da gawayi, don ya sha gaya mata itacen da bai shekara yana bushewa ba, ƙarshensa tsagewa. Ƙasa duk ɓawon sassaƙa ne. Ta ɗan tsaya tana kallon wurin, kewarsa ta taso mata, sannan ta juya ta kama aiki.

Ba ta ji dawowarsa ba. Tana cikin kwasar miya da wata tsohuwar koshiya, miyar na bin gefe tana ɗiga mata a ƙafa tana tsaki, sai ta ɗaga kai ta gan shi tsaye a rumfar da gungume a kafaɗa, yana kallon hannunta.

Ba su yi magana mai tsawo ba, Allah shaida ne. Ta zuba wa Mama abinci ta sa hijabinta. A bakin ƙofa ta tsaya ba ta juyo ba, ta ce, "Sodiq, ka rantse mini babu wanda zai ji na zo gidan nan. In Baba ya ji, mun rabu." Ya ce, "Na rantse, Jawahir." Iyakarta ke nan.

Ashe shi ya koma rumfarsa da ɗigar miyar nan a ransa. Massassaƙin kirki ba ya yin mariƙi sai ya tuna hannun da zai riƙe shi, haka ya gada wurin mahaifinsa. Ya zauna ya fitar da baki a inda ya dace da ita, ya rarake wa yatsanta wurin zama, bai taɓa kawo wa ransa cewa wani zai riga ta ɗauka ba. So ne ya yi aikin, hankali yana barci.

"Magana nake miki," in ji Ya Falmata.

"Bari, Yaya." Baba Goni ya jawo kujera ya zauna. "Jawahir, zo nan. Durƙusa."

Ta durƙusa a gabansa, hawaye ya riga ya wanke mata fuska.

"Tambaya ɗaya zan yi miki. A cikin wata ukun nan, kin je gidansu?"

Ƙarya tana kusa, a bakin harshe take. Tana iya cewa ita ta taɓa gaya masa a zance tun bara, wa zai ƙaryata? Amma ta ɗaga ido ta ga furfurar mahaifinta, mutumin da tun tasowarta bai taɓa ɗaga mata hannu ba.

"Na je, Baba. Sau ɗaya."

Ya Falmata ta tafa hannu. "Ka ji ko? Ka ji abin da nake gaya maka? Wata uku kacal aka ce, ta kasa. Ta kwashi ƙafa har Sabon Gari, gidan saurayi, har da shiga kicin. Gobe in magana ta fita wa za a zaga? Ni da na raine ta."

"Mahaifiyarsa ce ta karye, Baba," in ji Jawahir. "Babu mai dafa mata. An ce mini ba ya nan. Wallahi ba don in gan shi na je ba. Na dafa mata abinci na fito, ko zama ban yi ba."

"Su ba su da dangi? Duk Yarabawan Sabon Gari sun ƙare sai ke?"

"Ya Falmata, ke kika koya mini in na ga tsoho cikin wahala kada in wuce."

"Kada ki kuskura ki jingina mini wannan abin kunyar. Na ɗaure hannun nan na kwance, na ɗaure na kwance, don kada a je gidan miji a ce ban iya tarbiyya ba. Ashe can za ki kai shi ki baje wa bare." Sai ga hawaye a idonta ita ma, ta sa gefen mayafi ta share. "Bahauddeen shekara uku yana jiran ki. Me ya rasa? Wace irin ƙiyayya kike yi wa jinina?"

"Ba na ƙin Yaya Bahauddeen. A kwano ɗaya muka ci, a bayanki aka goya mu. Wana ne. Ba zan iya kallon sa da wani ido ba, ko na yi ƙoƙari."

"Shi wancan mai ƙurar katako a gashi shi kike iya kallo."

"Shi nake so, Ya Falmata. Ban san yadda zan yi in daina ba."

Ba ta taɓa faɗin haka a gaban mahaifinta ba. Kunya ta kama ta, ta kifa kai a gwiwa tana kuka.

Baba Goni ya bar su har suka yi shiru don kansu. Yana ta juya koshiyar a hannunsa.

"Na yi bincike," ya ce. "Na tambayi limamin unguwarsu, na tambayi masu sayar masa da itace, na tambayi matan da ke sarar kayansa a kasuwa. Babu wanda ya faɗi sharrinsa. Da niyyar ba shi na tashi yau."

Jawahir ta ɗago da sauri.

"Kin saɓa mini, ya yi mini ciwo. Amma jinya kika je, kuma da na tambaye ki ba ki ɓoye ba. Wannan zan iya yafewa." Ya miƙe. "Yanzu zan koma zaure in yi masa tambayar da na yi miki. In ya faɗa mini abin da kika faɗa, ya turo manyansa a sa rana, ko Ya Falmata ta so ko ba ta so ba. In kuwa ya dubi tsabar idona ya yi mini ƙarya, to an gama. Wanda ya iya yi wa uba ƙarya ranar neman aure, 'yar ba ta da abin riƙewa."

Jawahir ta zabura. Ta rarrafa ta kama bakin rigarsa.

"Baba, ka tsaya. Ni na sa shi ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba. Ni ce. Ba laifinsa ba ne. Ka bari in gaya masa na warware masa, kalma ɗaya kawai."

"In kin gaya masa, me na gwada ke nan?"

"Zai kare ni ne, Baba. Na san shi. Zai ɗauka in ya faɗa kashina ya bushe."

"Rantsuwar rufa asiri ba ta halatta ƙarya ba. Yana da baki. Yana iya cewa, Baba, na yi alkawari, ba zan iya amsawa ba. Ko wannan ya ce, na karɓa." Ya zare rigarsa daga hannunta a hankali. "Yaya, riƙe wayarta."

Ya Falmata ba ta jira an maimaita ba.

Tsakanin tsakar gida da zaure labule ne kawai da 'yar katanga. Jawahir ta lallaɓa ta jingina da katangar, ta toshe bakinta da hijabi. Ya Falmata ta zo ta tsaya a kanta, ba ta kore ta ba, don ita ma kunnenta na can.

"Sodiq, mun ga kaya," muryar Baba Goni ta taso. "Da wane itace ka yi muciyar?"

"Marke ne, Baba. Ba ya ɗaci, kuma ba ya jin tsoron tukunya mai zafi. Cokulan da koshiyar kuwa mangwaro ne, ya fi sauƙin rarakewa." Hausarsa tas kamar jakin Kano, sai dai yau akwai rawa a cikinta.

"Wannan santsin fa? Fenti ka sa?"

"A'a, Baba, abin da za a sa a abinci ba a yi masa fenti. In na gama sassaƙa sai in kankare da fasasshiyar kwalba, in jiƙa shi da ruwa in shanya. In ya bushe gashin itacen zai tashi, sai in sake gogewa. Sau uku nake yi. Daga nan in shafa man gyaɗa ya kwana biyu yana sha."

"Aikin haƙuri ne."

"Haka mahaifina ya koya mini, Allah ya ji ƙansa."

"Amin." Baba Goni ya ɗauki koshiyar. "Mai irin wannan kula ba ya sa baki a gefen da ba shi ba. Wannan koshiyar ta bahago ce. Wa ka yi wa?"

Jawahir ta runtse ido. A ranta tana ta faɗi, ka faɗa, Sodiq, don Allah ka faɗa, na yafe maka rantsuwar. Tana jin ƙarar adaidaita sahu a titi, da mai tallan rake can nesa, amma daga zaure babu ko tari.

"Kuskure ne, Baba," in ji Sodiq. "Na kifa zanen ne a kan itacen, ban lura ba sai yanzu da ka faɗa. Zan sake wata."

"Har da wurin yatsan?"

"Har da shi, Baba."

"To. Ka taɓa ganin Jawahir tana girki?"

"Ban taɓa ba."

Jawahir ta zame ta zauna a ƙasa. Ya Falmata ta dube ta, sai kuma ta kawar da kai.

Baba Goni bai ɗaga murya ba. Ya ma ƙara sassauta ta, kamar mai lallashin yaro.

"Sodiq, ka natsu. Zan sake tambayar ka, kuma ba sai ka yi sauri ba. In akwai abin da ya ɗaure maka baki, ka ce mini akwai. A cikin wata ukun nan, 'yata ta taka gidanku?"

Shirun ya yi tsawo har Jawahir ta fara sa rai. Ta san yanzu yana tuna muryarta a bakin ƙofa, yana auna abin da zai same ta a gidan nan in ya buɗe baki. Ta yunƙura za ta ɗaga labulen, Ya Falmata ta damƙe mata wuyan hannu.

"Ba ta taka ba, Baba. Jawahir ba ta saɓa maka ba ko sau ɗaya."

"To, madalla," in ji Baba Goni.

Aka ji ya ajiye koshiyar a kan tabarma. Sodiq ya sauke ajiyar zuciya mai ƙarfi, har cikin gida sai da aka ji. Da ya sake magana, rawar muryarsa ta tafi, farin ciki ne fal a cikinta, irin na wanda ya tabbata ya tsallake da masoyiyarsa.

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma. Kawuna yana Ilori, amma ya ce ko gobe aka kira shi zai hau mota. Wace rana kake ganin su zo?"

Baba Goni ya miƙe tsaye.

"Kada ka wahalar da shi," ya ce.